Yadda Aka Kama Baba Kabon da Satar Rubutunsa

Shekara ashirin da shida Baba Kabon ya yi yana rubuta labarin ƙwallo, kuma a cikinsu bai taɓa makara zuwa fili ba. Ranar Lahadi tun ƙarfe biyu yake barin gida, biro uku a aljihun gaba, littafin rubutu a hammata. Yakan ratsa layin masu gyaran babur, ya shiga ta ƙaramar ƙofa yana nuna wa mai gadi katinsa, duk da cewa mai gadin ya san shi kamar yunwar cikinsa. Daga nan sai ya hau matakala talatin da ɗaya zuwa rumfar 'yan jarida, yana tsayawa a ta ashirin saboda gwiwa.

Rumfar ba wata abar a zo a gani ba ce. Ɗaki ne na siminti can sama da 'yan kallo, gabansa a buɗe, da dogon tebur, da kujerun ƙarfe bakwai, da fankar da ba wanda ya taɓa ganin ta juya. Wani ginshiƙi ya tokare tsakiya, ya rufe wa kujeru biyu raga ɗaya ɗungurungum. Kujerar Baba Kabon ita ce ta ƙarshe a hagu, inda ake hango fili daga wannan tuta zuwa waccan. Ba wanda ya taɓa yi masa gardama a kanta, domin a cikin mutum bakwai ɗin nan shi kaɗai ne kallon wasa ke kawowa.

Sauran shidan ma'aikatan jaridun kullum-kullum ne, manyan mutane masu babbar murya. Ciyaman, wato shugaban ƙungiyar marubuta wasanni, baya yake juya wa fili, waya a kunne tun daga busa har tashi. Sakatare hula yake ja ya rufe fuska, ba ya motsi sai ya ji ihu, ya ɗaga hular ya ce, "Mu ne ko su ne?" ya koma. Huɗun da suka rage musu suke yi a kan ƙwallon ƙasashen waje, wani lokaci ma biyu daga cikinsu ba sa zuwa, sai dai su aiko da gaisuwa. Amma da zarar alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe, sai ka ga an kewaye kujerar hagu.

"Yayanmu, an sauke rahoton?"

"Ku ba ni minti goma."

Asalin abin ba dogon labari ba ne. A shekararsa ta biyu a aiki, wata Lahadi Ciyaman, lokacin yana siririn saurayi mai riga ɗaya, ya iso ana tashi, yana haki. Ya ce babur ne ya mace masa a hanya, editansa kuma zai cinye shi ɗanye, ya roƙi a ara masa takarda ya ɗan leƙa. Washegari rahoton ya fito a babbar jarida, kalma bayan kalma, har da wurin da aka manta aya, da sunan mai leƙen a sama. Da wani ne, da ya je ya ci kwalarsa. Shi kuwa mutuminku sai ya sayi jaridar guda uku ya kai gida yana washe baki, wai ga rubutunsa ya shiga manyan wurare. Lahadin da ta biyo baya mutum biyu suka ari takarda. Kafin kakar wasa ta ƙare ya fara sayen takardar kabon, yana jera falle a kan falle, yana danna biro har yatsansa ya yi kanta. Daga nan sunan ya bi shi. Da zamani ya juya aka daina kabon, ya koma latsa rahoton a waya da yatsa ɗaya yana tura musu a zaurensu na waya, amma sunan bai sake shi ba.

Kuma fa ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Shi ne ya rubuta cewa 'yan bayan ƙungiyar gari sun raka ɗan wasan baƙi har bakin raga cikin ladabi, suka tsaya suka ga shigarsa lafiya sannan suka juyo. Shi ne ya ce wani mai tsaron gida ya fito tarar ƙwallo kamar mai neman takalminsa bayan an watse daga taro. Ya san ɗan wasan da ke tsoron ƙafarsa ta hagu, ya san kocin da ke canja mutum don kawai a ce ya yi wani abu. Ranar Litinin maganganun nan kan fito a jaridu shida da sunaye shida. Kowannensu yakan canja kanu da layin farko don kare mutunci, sauran kuma ya bar shi yadda ya same shi.

To, me shi yake samu? Kirari yake samu, da lemo mai sanyi a hutun rabin lokaci. Yana ɗora ƙafa a rumfa za su tashi da shi: "Kabon uban tawada! Ka danna ɗaya, shida su fito!" Sai ka ga dattijo da furfurarsa yana sunkuyar da kai yana narkewa. A nan cutarsa take. Akwai wanda giya ke kayarwa, akwai wanda caca ke cinyewa, shi yabo ne ya gama da shi.

Maiɗakinsa tela ce, kekenta na ɗakin gaba kusa da taga, kuma ba ta taɓa ba wata zanen ɗinkinta ta kwafa ba. Ta sha faɗa masa, ƙafa a kan keke, allura a baki, "Malam, kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa."

Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Ai tawa tana nan, ranar Alhamis."

Gaskiyarsa ta wannan fuskar. Jaridar da yake wa aiki ta mako-mako ce, ranar Alhamis take fitowa, kuma shafin baya nasa ne. A saman shafin akwai cikakken sunansa da na mahaifinsa, da baƙaƙe masu kauri. Bai gina gida ba, bai hau mota ba, abin da yake nunawa a duniya ke nan: layi ɗaya mai ɗauke da sunansa, sau ɗaya a mako. Rahoton da ya raba wa mutane ranar Lahadi shi yake kai wa jaridarsa ba tare da ya taɓa ko wasali ba, domin a cewarsa magana in ta zauna daidai ba a tashinta. Tsohon editansa ba ya karanta shafin wasanni, saboda haka aka kwashe shekaru lafiya lau.

Sai tsohon ya yi ritaya aka kawo sabuwar edita, sa'ar 'yar Baba Kabon ta biyu, mai tabarau da saurin magana. Ta zo da wata manhaja a kwamfuta wadda ake zuba wa rubutu ta faɗi inda aka taɓa buga shi. A makonta na uku ta kira shi ofis, ta rufe ƙofa, ta juya masa fuskar kwamfutar. Rahotonsa na gefe guda, ya yi jawur daga sama har ƙasa. A ɗaya gefen jaridu shida ne a jere.

"Baba, ka ga wannan jan? Duk wurin da ya yi ja an riga an buga shi ranar Litinin. Naka Alhamis ya fito."

Ya gyara zama, har da ɗan murmushi. "Ai ni na rubuta, ranki ya daɗe."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

"Duka shidan?"

"Da nawa bakwai."

Ta cire tabarau ta dube shi. Ba wawuya ba ce, kuma ba muguwa ba ce, ta dai ga abin ya fi ƙarfin hankali. Ta ce in haka ne ya kawo mata hujja: saƙonnin waya, ko littattafansa, ko mutum ɗaya cikin shidan da zai buɗe baki ya faɗa. In ya kawo, za ta buga labarin da sunan kowa. In bai kawo ba, za ta cire sunansa daga shafin baya, ta miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa na ƙungiyarsu, tunda katinsu ne yake riƙe da shi.

Daga ofis bai zame ko'ina ba sai gidan Ciyaman. Aka shigar da shi falo mai labule har ƙasa, aka kawo shayi a kofin baƙi. Ciyaman ya saurara yana girgiza kai, ya dafa masa gwiwa.

"Haba Yaya, wannan har wani abin tashin hankali ne? Kwamitin nan su wa ye? Mu ne fa. Ka bar yarinya ta kawo takardarta, mu zauna minti biyar mu wanke ka tas, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Amma in ka kai mata saƙonnin nan, ka kashe mutum shida da iyalansu. Kai ne uban rumfa, uba ba ya tona asirin 'ya'yansa. Kawo wayar ma mu goge su, kada ta faɗa hannun banza."

Uban rumfa. Kalmar ta shige shi har ƙashi. Ya miƙa waya da hannunsa, yana kallo aka share saƙonnin shekara tara, har ya yi godiyar shayi. Da ya koma gida ya ba maiɗakinsa labari, ta tsayar da keke cak.

"Ka ba kura ajiyar nama, Malam, kuma ka yi mata godiya?"

"Ke ba ki san zumuncin aiki ba."

"Na san na ɗinki. Wadda ta saci zanena ba na kai mata almakashi."

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu faci, ana jin ƙarar injin iska daga ƙasa. Ranar zama shidan suka jeru a bayan tebur, aka aje wa Baba Kabon kujera a tsakiyar ɗaki. Yana zaune hankalinsa kwance, littafinsa na kakar bana a aljihun riga, don maiɗakinsa ta rantse ba zai fita ba sai da shi. Ana shirin farawa sai aka ji takun takalmi a matakala. Edita ce. Ta yi sallama, ta ce ta zo ne kawai ta saurara, ta zauna a kusurwa ta buɗe littafi ta cire murfin biro.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, balle mutum shida kowa da tasa kazar. Suka dubi juna, suka dubi biron nan, nan take kowa ya gane cewa wanda ya fi sassauci a yau shi za a fara zargi gobe. Wankin minti biyar ya bi iska.

Ciyaman ne ya buɗe da jawabi. Ya ce satar rubutu ta fi satar akuya muni, domin akuya ana iya mayar da ita ga mai ita. Ya ce shi kansa, da ya ga gumin goshinsa a shafin wani, kwana biyu bai iya cin abinci ba. Sakatare, wanda a tarihin rumfa ba a taɓa ganin idonsa biyu a buɗe ba, ya buga tebur ya ce kora ta har abada, a karɓe kati a yanka shi da almakashi a gaban jama'a. Na kusa da shi ya ce kora ta yi kaɗan, sai an haɗa da takardar neman gafara a duk jaridun gari. Wani ya ce a duba shekaru, dattijo ne, a yi masa dakatarwar shekara ɗaya. Da ya ga Edita ta rubuta wani abu, sai ya ce shekara biyu yake nufi. Suka shiga muhawara ta ilimi: shin hukunci da yawan kalmomin da aka sata ake auna shi, ko da yawan shekarun da aka yi ana sata? Shin wanda ya kwafi layi ɗaya da wanda ya kwashe shafi guda laifinsu ɗaya? Awa ɗaya da rabi suka yi, kowa na kawo misali, kuma wallahi ba a taɓa jin mutanen da suka san ƙa'idar aikin jarida irinsu ba.

Baba Kabon yana zaune, hannunsa a kan aljihu. Yana jin kaurin littafin ta cikin riga. Abin da ya rage kawai ya zaro shi ya aje a gaban yarinyar nan, ga kwanan wata, ga gyare-gyare, ga inda ya soke kalma ya sa wata. Ya ɗaga kai sai suka haɗa ido da Ciyaman. Ciyaman ya ɗan kanne masa ido ɗaya, irin na ka kwantar da hankalinka, wasan kwaikwayo ne. Sai ya sauke hannun.

"Baba, ba ka da abin cewa?" in ji Edita daga kusurwa.

"Duk abin da kwamiti ya yanke."

Kwamiti ya yanke: dakatarwa daga rumfa wata shida, a ajiye kati, a kuma buga takardar neman gafarar marubutan nan shida, kowa da sunansa. Edita ta rufe littafinta ta fita.

Yana saukowa a matakala, riƙe da ƙarfe saboda gwiwa, sai Sakatare ya biyo shi ya rage murya. "Yaya, takardar hukuncin nan fa, ka san ni tsara magana ba fannina ba ne. Ko za ka ɗan taimaka? Ka haɗa da ta neman gafarar gaba ɗaya, tunda hannu ɗaya ne."

Abin takaici, ya rubuta. Ya zauna a kan bencin masu faci ya rubuta hukuncin kansa, ya rubuta tubansa, har yana soke kalma yana neman wadda ta fi ta daɗi. Takardar ta fito a jaridu, mutane suka ce ba su taɓa karanta neman gafara mai ratsa jiki irinta ba. Ranar Alhamis shafin baya ya fito da tallar katifa.

Lahadin farko ya ce ba zai je ba. Ƙarfe ɗaya da rabi ya fara zagaye tsakar gida, ƙarfe biyu ya sa takalmi. Ya bi layi ya sayi tikiti kamar kowa, ya zauna a kan siminti mai zafi tsakanin masu busa ƙaho, wani yana zuba masa ɓawon gyaɗa a wuya. Daga nan ba a ganin kusurwar dama, sai kawunan mutane. Ya ɗaga kai ya hangi rumfa. Ga kawuna shida sun leƙo, kowa da biro, suna kallon ƙwallo karo na farko a rayuwarsu, suna nuna 'yan wasa da yatsa suna tambayar juna. Kujerar hagu ba kowa. Abin ya ba shi dariya, sannan dariyar ta ɗauke, domin kujerar yake so kamar ransa.

Ranar Litinin gari ya sha kallo. An tashi biyu da ɗaya, amma jarida ɗaya ta ce biyu da nema, wata ta ce kunnen doki. Ciyaman ya ba da ƙwallon farko ga ɗan wasan da ya bar ƙungiyar shekara biyu da suka wuce. Sakatare ya rubuta layi tara, bakwai a kan yanayin rana. Masu kiran gidan rediyo suka yi ta tambaya ko wasa shida aka buga a filin.

Da hantsi Edita ta kira shi. Jaridun shida na shimfiɗe a teburinta.

"Baba, na gane. Ka yafe ni, tun farko ka faɗa mini gaskiya. Amma abin da na gane ba hujja ba ne, ga kuma takardar da ka sa wa hannu kana cewa kai ne ɓarawon. Kawo littattafan nan kafin Laraba da la'asar, in mayar da sunanka, in buga komai."

"Za su karɓe katin gaba ɗaya, 'yata. Rumfar tasu ce."

"Za su karɓe. Sai ka sayi tikiti ka rubuta daga cikin jama'a, da sunanka. In kuma ba ka kawo ba, ni ba zan ci gaba da sayar da katifa a shafin wasanni ba. Zan nemi izinin ɗaya daga cikin jaridun nan in riƙa ɗauko rahotonsu, in sa sunan da na gani a kai. Haka doka ta ce, kuma ita zan bi."

Da yammacin ranar sai ga motar Ciyaman a ƙofar gida, da Sakatare a gaba. Suka shigo suna tuɓe takalmi tun daga nesa, suka gaida matar gida har ƙasa. Ita ko ɗago kai daga keke ba ta yi ba. Ciyaman ya ce kwamiti ya sake zama na gaggawa, ya duba shekaru da hidima, ya ga ya dace a yi sassauci. Daga wannan Lahadin Yaya zai koma kujerarsa, ga katinsa ma an zo da shi. Sharaɗi ɗaya ne, don kare martabar sana'a: kada sunansa ya fito a kan wani rubutu har tsawon shekara guda, bayan nan a duba hali.

"To in ba zai sa suna ba, rubutun me zai je yi?" in ji maiɗakin, keke na tafiya.

Sakatare ya yi tari. Ciyaman ya ce, "Ai Hajiya, rumfa ba Yaya kango ce. Jiya kamar an yi mana mutuwa. Kujerar nan ko taɓa ta ba mu bari an yi ba." Ya juya ya ɗaga hannu sama. "Kabon uban tawada!"

Ya aje katin a kan tabarma, suka tafi. Baba Kabon ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗauka, ya goge shi da bakin riga.

Ranar Laraba da safe ya tarar da kwalin littattafansa a bakin ƙofa. Maiɗakinsa ce ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe, ta ɗaure da ragowar yadi yadda zai yi daɗin ɗauka. Littafi sittin da wani abu, shekara ashirin da shida. Ya tsaya a kansa. Ya tuna simintin nan mai zafi da ɓawon gyaɗa a wuya, ya tuna yadda fili ke buɗewa daga kujerar hagu. Ya ce shekara ɗaya ai kamar gobe ce, kuma mutum ba ya rushe gidan da ya gina da hannunsa. Ya tsallake kwalin ya fita shan iska, bai dawo ba sai da la'asar ta wuce.

"Allah ya ba ka lafiya, Malam," abin da ta ce ke nan. Ta kwance yadinta ta mayar cikin buhu.

Ranar Lahadi aka tarbe shi a rumfa kamar wanda ya ciwo kofi. Lemo biyu aka kawo masa. Ciyaman ya juya wa fili baya da kwanciyar hankali, Sakatare ya ja hula. Wasan ya yi kyau, shi kuma hannunsa na ƙaiƙayi, ya zuba rahoton da ya daɗe bai yi irinsa ba. Wannan karon ba a tura ta waya ba. Kan mage ya waye, kowa da hannunsa ya kwafa, Sakatare ya karɓi asalin takardar ya ce zai adana.

Ranar Alhamis da safe ya bi ta teburin mai jarida a bakin mahaɗa, inda masu karatun kyauta ke taruwa. Shafinsa bai taɓa ɗaukar hoto ba, saboda haka ba wanda ya san fuskarsa a wurin. Wani mai gyaran agogo ya riƙe jaridar mako-mako ta baya yana karanta wa mutum biyar da ƙarfi. Baba Kabon ya leƙa ta kafaɗarsa. Edita ta cika alkawari. Rahotonsa ne, ba a taɓa ko wasali ba, an buga shi tsaf da izini da godiya, kuma a sama, da baƙaƙen nan masu kauri, sunan Ciyaman ne da na mahaifinsa.

Mai agogo ya kai wurin da aka ce kocin baƙi ya yi ta ɗaga hannu yana ba da umarni, 'yan wasansa kuma suna ɗaga masa nasu suna amsa gaisuwa. Mutane suka fashe da dariya, wani har da buga cinya.

"Ka ji alƙalami na asali!" in ji mai agogo. "Ashe wancan tsohon da aka kama, duk shekarun nan a wurin bawan Allahn nan yake kwasa. Mu kuma muna ta yaba shi, ɓarawon banza." Ya waiwayo ya ga dattijo a bayansa, ya matsa masa don ya gani da kyau. "Baba, ka ji labarin kuwa? Shi da kansa ya rubuta ya amsa laifinsa."

Baba Kabon ya buɗe baki. Mutum shida suna kallonsa, suna jiran abin da babba zai ce.

"Haka na ji," in ji shi.

"Ai da ni ne kwamitin, ba zai ƙara taka filin nan ba," in ji mai agogo, ya gyara riƙon jarida ya ci gaba da karatu.

Baba Kabon bai tafi ba. Ya tsaya a bayansu, hannu a baya, har aka karanta rahoton zuwa ƙarshe.